Gangar da Ba Ta Barci

Shekara talatin da huɗu ina nan,
ƙarƙashin rumfar kwano, bakin Kasuwar Dole,
gilashi a ido ɗaya, ɗayan a runtse,
ina tonon cikin agogon mutane.
Na ɗauka na san ƙanƙanta.
Na taɓa neman kusa ɗaya wuni guda,
ashe tana maƙale a gemuna.

Sai Fassuma, ɗiyar ƙanena,
ta zo hutu daga karatun nesa,
ta zauna bisa bencin masu jira,
ta ce, Baba Mato, mu ma muna da ganga.
Na ce, ta biki?
Ta ce, ta alminiyam, irin na tukunya,
faɗinta bai kai kaurin gashi ba.
Ta nuna mini a salula:
wani farin ɗigo, kamar ƙwan tsaka.

Sunan ilimin kwantum.
Ni kwantai na ji,
na ce, ai mun saba, ga su nan cike da akwati.
Ta yi dariya har mai lemu ya waiwayo.

Ta ce suna sa ta cikin sanyi,
ba sanyin randa ba, ba na ƙanƙarar firji ba,
sanyin da ya kusa ƙarewar sanyi,
su ƙwace mata zafi kaf
don ta tsaya cak.
Ba ta tsayawa.
Akwai ƴar rawar da ta rage,
wadda ba mai iya karɓewa.

Kuma, in ji ta, tana iya kaɗawa
tana kuma shiru, lokaci guda,
sai an auna ake samun ɗaya.

Na ce, wannan ai famfon unguwarmu ne.
Akwai ruwa, babu ruwa,
duk Damagaram ta san haka,
sai ka murɗa ka ji ko huci zai yi.
Ta ce a'a, Baba.
Famfo ya san halin da yake ciki,
kai ne ba ka sani ba.
Ita gangar, kafin a tambaye ta,
babu amsar da take ɓoyewa.

Na ajiye hantsaki.
Wani kabu-kabu ya wuce, teburin ya girgiza.

To yaya kuke kallonta?
Ta ce a hankali, kamar shiga ɗakin mai jinya,
don hasken da za ka gani da shi
shi ma yana tura ta.

Nan ne na gane hanya.
Akwai wata waya cikin agogo, nannaɗe kamar kunun gizo,
ita ce zuciyarsa.
Ranar da maigidana, marigayi Kanta,
ya fara bari na taɓa ta,
bai ce mini komai game da hannu ba.
Cewa ya yi, riƙe numfashinka.
Shekara talatin da huɗu
ina satar numfashi daga kaina
don kada ganina ya ɓata abin da nake gani.

Na faɗa mata.
Ta ce ba daidai ba ne sosai,
amma ta rubuta a bayan rasiɗi.

Da magariba na rufe rumfa,
na bi ta Birni, ta gefen manyan duwatsun nan
da tun kakan kakana suke zaune inda suke.
Na ɗora tafi a kan ɗaya.
Ɗumin rana bai bar shi ba tukuna.
Na ce, kai ma ashe?

Bai amsa ba.
Na tsaya dai, ban yi numfashi ba,
har ladan ya kai rabin kira,
agogon wani majemi da bai zo karɓa ba
yana ta bugawa a aljihuna,
minti bakwai a gaba.